Gefe Guda A Duba

Shekaranjiya da hantsi na tsorata jikana, na tsorata maƙwabta, ni ma na tsorata kaina, don ban san da sauran murya irin wannan a ƙirjina ba. Ina zaune a tabarma ina tsintar shinkafa sai karen gidan ya fito daga ƙarƙashin kamiyon da jikan nawa ke tuƙawa, kansa a karkace, miyau yana dalala ta gefen hagu na bakinsa har ƙasa, gefen dama kuwa a bushe ƙamas. Jikan nawa, ƙato da gemunsa, uban ƴaƴa uku, ya durƙusa ya naɗe hannun riga zai zura yatsu a bakin kare. Ban san lokacin da faifan ya kife ba. Na ce, "Kai! Janye hannunka!"

Ya waiwayo yana dariya, irin dariyar da jikoki ke yi wa tsofaffi. Ya ce, "Haba amaryata, mi ya yi zafi? Ƙashi ne ya maƙale mishi. Yanzun nan na duba a waya, sun ce in gefe guda ne, ko haƙori ne ko wani abu ya soke shi."

Na ce, "Wayar ba ta da yatsu, ba abin da za ta rasa. Ɗaure shi ka kai shi wurin likitan dabbobi, kuma kar ɗiyanka su matso kusa."

Ya ga fuskata babu wasa, ya nemo igiya. Bayan ya fita na zauna ina kwashe shinkafar daga ƙasa. Abin da wayar ta faɗa masa gaskiya ne, kuma mahaifiyata ta san shi tun kafin a haifi wanda ya ƙera wayar. Sanin ne ma ya kai ta inda ya kai ta, shi da bakina da na rufe.

A bakin gulbi na tashi, nan Gaya, daidai inda yanzu manyan motoci ke jeruwa suna jiran takardun duwan, wato kwastan, masu sayar da mai a kwalba suna zaune a inuwarsu. Wanda ya ga wurin yau ba zai yarda a da murahun banda ne a jere ba, na laka, kowace mace da nata. Da sanyin safiya abin da ke tashe mu shi ne ƙarar gora tana bugun gefen jirgi, masunta sun dawo. Daga nan sai ƙarar wuƙaƙe suna kankare ɓawon kifi, mata suna ciniki da Dendanci suna zagi da Hausa, shirwa tana kuka a sama tana jiran wadda za ta juya baya. Hayaƙi kuwa ya zama fatarmu. Ko sabon zane ka ɗaura, ko gidan biki ka shiga, kafin ka yi sallama an san ƴar masu banda ce ta zo. Na yi kuka a kan wannan warin ina budurwa, yau ga ni ina nemansa ban samu ba. Kifin yanzu a kwali yake zuwa, daskararre kamar dutse, ba wanda ya san ruwan da ya sha, kuma ƴan matan gidan nan in sun taɓa shi sai sun wanke hannu da sabulu sau uku suna yatsina.

Mai banda ba ta rabuwa da kare. Shirwa daga sama, kyanwa da tsari daga ƙasa, in babu kare rabin wahalarki tasu ce. Mutanen cikin gari suna ƙyamarmu a kan haka, wani malami ma ya taɓa tsayawa ya yi wa Inna wa'azi cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Allah gafarta malam, shi ya sa yake kwana waje." Namu karen baƙi ne mai farin ƙirji, Inna ta sa masa suna Ƙyale-su, don in maƙwabciyarta ta fara gori sai kawai ta ɗaga murya ta kira kare. Ni na yi renonsa tun idonsa bai buɗe ba.

Karen da ke cin kai da hanjin kifi kullum bakinsa a cikin haɗari yake, kuma a duk bakin gulbin nan Inna ce ta san bakin kare. Har daga Tanda da Bengou manoma ke jawo karnukan da ke yi musu gadin gona su kawo mata. Takan tsuguna ta daɗe tana kallo kafin ta taɓa. In leɓen ya kumbura har ido ya rufe, ta ce maciji ne ko kunama, a nemi wurin saran. In kumfa ce fara kuma karen yana goga baki a ƙasa, ta ce kwaɗo ya ɗauka, a ɗauraye masa baki da ruwa zai wuce kafin azahar. Wani karen za ka ga gefen fuskarsa ya saki, ido ba ya ƙiftawa, sai ta sunkuya ta sansana kunnensa, ta ce ciwon daga nan ya gangaro. Amma mafi yawa ƙayar kifin ƙurungu ce, wadda ke da haƙora kamar zarto, ta shige dasashi ta ƙi fita. Ko ƙugiyar masunci, ko tsinke ya gitta a ganɗa, ko haƙori ya tsage a kan ƙashi ya ruɓe. Sai ta sa a riƙe mata ƙafafu, ta gitta guntun ice tsakanin haƙora, ta shiga da hannun hagu, don dama na abinci ne. Ban taɓa ganin kare ya cije ta ba. In ta zaro abin takan ɗaga shi kowa ya gani, sannan ta sauka gulbi ta wanke hannu sau bakwai, na farko da ƙasa.

Tana da magana guda da kowa a wurin ya haddace: "Gefe biyu a gudu, gefe guda a duba." Wato mahaukacin kare ta ko'ina yake zubar da miyau, shi ba a tsayawa kallonsa, amma wanda gefe ɗaya ne kawai ke zuba, wani abu ne ke damunsa a gefen, a taimake shi. Shekara da shekaru maganar nan ba ta taɓa ba ta kunya ba. Akwai kuma dokar sarkin ruwa da ke tafiya tare da ita: duk karen da baƙon kare ya ciza, ba jira ba shawara, a sa shi a buhu da duwatsu a kai shi tsakiyar gulbi. An kafa dokar tun kafin a haife ni, bayan wani abu da manya ba sa son ba da labarinsa. Yanzu na gane maganar Inna a kan dokar nan ta jingina. Tana shiga bakin kare da gaba gaɗi ne don ta san duk wanda aka ciza ya riga ya tafi ruwa.

Ranar da abin ya faru Inna ta ƙetare zuwa kasuwar Malanbil da kwandunan kifi, ta bar mini murhu. Na riga na zama budurwa, har akwai wani mai tuƙa jirgin albasa da ya fara aiko da goro gidanmu, wanda daga baya ya zama mijina. An ce mini zai zo da la'asar. Da rana ta take, mata suka watse gida yin salla, sai na dubi wuta na ga ta kwanta, na dubi Ƙyale-su na ga yana nan, na ce bari in ruga a gyara mini kitso in dawo. Kitso kuwa ba ya son gaggawa. Ina dawowa na hangi wani jan kare ramamme, wanda ban taɓa gani ba, yana barin wurin murhunmu. Na ɗaga dutse na yi masa tsawa, ko waiwaye bai yi ba, bai kuma ƙara sauri ba, tafiya kawai yake miƙe kamar ba kowa a duniya. Kifin yana nan ko ɗaya bai taɓa ba, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali, don kare mai yunwa ba ya wuce kifi. Ƙyale-su yana kwance yana haki, jini a gefen wuyansa.

Na duba gabas na duba yamma, ba kowa. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tausayin karen ne ya sa na yi abin da na yi, kada a sa shi a buhu. Akwai wannan. Amma tsufa ya hana ni yi wa kaina ƙarya: abin da ya fi ƙarfi shi ne kada a tambaye ni ina nake lokacin da baƙon kare ya shigo, a ce ƴar wance ta bar murhu ta tafi kitso saboda namiji. Na wanke ciwon, na cusa man kaɗe da toka, na yanko fatar tsohon guga mai faɗin yatsu uku na ɗaura masa a wuya ta rufe wurin. Da Inna ta dawo ta ce, "Wagga kwalliya fa?" Na ce don in riƙa ɗaure shi ne. Ta ce, "Ƴan mata da aikin banza," ta wuce duba wuta.

Ni ce ƴar farinta, don haka ba ta kiran sunana, ba ta yi mini dariya a gaban mutane, ba ta yabon aikina. "Ke" nake a wurinta, ko "ƴar nan". Haka ake yi a lokacin, ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, amma yarinya ba ta bambancewa. Da ƙannena takan yi wasa, ni kuwa tsakanina da ita aike ne da faɗa. Uwayen yanzu da ke kiran ƴar fari da sunaye uku na shagwaɓa ba za su gane yadda maganar da ba ta fi tsawon numfashi ba take yi wa mutum nauyin turmi ba.

Ciwon ya warke, wata ya mutu wani ya tsaya, har na fara cewa Allah ya rufa mini asiri. Sai wata safiya Ƙyale-su ya ƙi tasowa tarbar jiragen masunta. Yana zaune a gindin murhu, idonsa a kanmu, miyau yana zuba ta gefen hagu. Bai yi haushi ba, bai kai wa kowa cizo ba, har ya kaɗa mini wutsiya. Inna ta aje wuƙa ta ce, "Ya sake haɗiyar ƙurungu, makwaɗaici. Ke, zo riƙe mini ƙafafunshi."

Na riƙe. Tana gitta icen na ce, "Inna."

Ta ce, "Mi?" ba ta ko ɗago ba.

Na ce, "Ba komi."

Na ga hannunta ya shiga. Hannun mai banda ba ya rabuwa da rauni, ƙayar kifi ta tsattsaga shi, wuƙa ta yanka, wuta ta lasa, kuma a safiyar nan ma akwai sabon yanka a gindin babban yatsanta. Ta bi dasashi sama da ƙasa, ta shafa ganɗa, ta ɗaga harshe, ta girgiza haƙora ɗaya bayan ɗaya. Ta sansana kunne. Ta sake komawa, wannan karon har wuyan hannu, tana lalube can cikin maƙogwaro, miyau yana bin hannunta zuwa gwiwa. Sai icen da ta gitta ya zame ya faɗi da kansa, bakin kuma bai rufe ba. Muƙamuƙin ya saki, ba ƙarfin da zai kama komai. Inna ta zaro hannu a hankali ta zauna a kan dugaduganta, ta ce, kamar da kanta take magana, "Na nema ban samu ba."

Ta shafa kansa, ta gangaro bayan kunne, yatsanta ya shige ƙarƙashin fatar nan. A nan ya tsaya. Ta kwance ƙullin, ta buɗe gashin, ga tabo biyu farare a jere inda fiƙa ta shiga. Wadda ta yi shekaru tana karanta jikin karnuka ba ta buƙatar a fassara mata. Ta ɗago ta dube ni. Na yi tsammanin mari, na ma so ta mare ni. Sai ta mayar da fatar daidai inda take, ta ƙulle ta ƙulli biyu, ta ja ta tabbatar ba za ta zame ba. Ta ce, "Tafi kira babanki, ki ce ya taho da sarkin ruwa."

Kafin mu iso ta gama wanke hannunta sau bakwai. Ta ce musu, "Ba komi a bakinshi. Ku kai shi tsakiya." Sarkin ruwa ya tambaya ko wani kare ya cije shi a kwanakin nan. Ta ce, "Ni dai ban ga lokacin ba." Babana ya kama hannunta yana jujjuyawa, ya ce, "Ya cije ki?" Ta ce a'a. Kowa ya duba, ba shaidar haƙori, sai tsofaffin tsagogin da kowace mace a wurin ke da irinsu, waɗanda idonmu ya daina gani don sabo. Aka yi ta hamdala. Ko gashin karen da ake ƙonawa a shafa wa wanda aka ciza ba a yanka ba, tunda ba cizo. Likita kuwa ba wanda ya ambata. Yau ko a rediyo ana faɗa, miyau kaɗai in ya taɓa rauni a wanke da sabulu a ruga a karɓi allura tun kafin ciwo ya tashi. Mu a lokacin haƙori muke tsoro. Ƙyale-su ya shiga buhu ba gardama, da fatar a wuyansa, na tsaya ina kallon jirgin har ya dawo babu shi.

Inna ba ta sake tayar da maganar ba, ko da ido. Abin da ya canza shi ne ta fara koya mini aiki da gaggawa: yadda ake gane ice mai ɗaci da ke ɓata kifi, yadda ake naɗe tarwaɗa a soke ta da tsinke, wace dillaliya ce a ƙetare ba a ba ta kaya sai an ƙirga a gabanta. Ta matsa wa babana a sa ranar aurena. Aka yanke shinkafa, aka sussuke, ruwa ya fara ja da baya. Na ce a raina mun tsira.

Daga hannun hagu ya fara. Ta ce kamar tururuwa ke tafiya a cikinsa, ta yi ta susa har ya yi jini. Sai zazzaɓi. Rana ta uku na kawo mata ruwa a ƙwarya, ta miƙo hannu da ƙishi a fuskarta, ruwan yana isa kusa da bakinta sai wuyanta ya shaƙe, ta ture ƙwaryar ta faɗi tana neman numfashi. Matar da aka haifa a bakin gulbi, wadda ta yi rabin rayuwarta da ƙafa a cikin ruwa, ta koma yin taimama da ƙasar ɗaki, don ko ƙarar zuba ruwa a randa ba ta iya ji. Mata suka ce mutanen ruwa ne suka taɓa ta. Babana ya karɓo rubutu wurin malamai uku, ya tsaya da kwanon a hannu yana roƙonta ta daure ta kurɓa ko sau ɗaya, tana kallonsa tana hawaye. Ita ta san abin da ke jikinta. Da hankalinta ya dawo na ɗan lokaci ta ce a kai ƙannena Tanda wurin ƴar'uwarta, a raba ƙwaryarta da ta kowa, kuma a ɗaure mata hannuwa da zanenta a jikin ginshiƙin ɗaki. Babana ya ƙi, ta ce, "Ka ɗaure tun ina roƙonka da bakina."

Washegari bayan azahar, da mutane suka ɗan ja baya, na durƙusa a bakin ƙofa. Muryarta ta dushe, leɓɓanta sun tsage. Na ce, "Inna, ni ce. Ranar da kika tafi kasuwa..."

Sai ta kira sunana. Ban taɓa jin sa a bakinta ba, har na waiwaya kamar wata ake kira. Ta ce, "Fatar nan ta tafi ruwa tare da shi. Ki bar ta can." Na yunƙura zan shiga, ta ce, "Kar ki matso." Iyakar maganarmu ke nan. Bayan kwana biyu ta cika, kafin la'asar, kuma abin da ya faru a kwana biyun nan ba zan faɗe shi ba.

Babana ya rasu yana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mijina, wanda don shi na tafi kitso, mun yi shekara arba'in tare, ya tafi bai sani ba. Bayan Inna ba wadda ta sake sa hannu a bakin kare a wurin, duk wanda ya fara dalala, gefe guda ko gefe biyu, buhu ne makomarsa, kuma na san da yawansu ƙayar ƙurungu ce kawai. Su ma suna wuyana. Daga baya murahun suka rushe ɗaya bayan ɗaya, aka zuba tsakuwa, motoci suka zo. Ni kuwa tun ranar ban sake taɓa kare ba.

Shekaranjiyar nan da azahar jikana ya dawo, karen yana biye da shi yana layi don allurar barcin da aka yi masa. Ya buɗe takarda ya nuna mini guntun ƙashin kaza, ya ce tsakanin haƙoran sama aka zaro shi, likitan da safar roba a hannu, kuma an yi masa allurar rigakafin hauka tunda tasa ta wuce lokaci. Ya ce, "Kin gani, amarya? Kin tara mini jama'a a kan ƙashin kaza. Gefe guda ne, ai na faɗa miki."

Na ce, "Kwance mishi abin wuyan nan."

Ya dube ni, ya kwance. Na ce ya buɗe gashin da kyau, ya bi ta bayan kunne, ya juya ɗaya gefen. Ya ce, "Lafiya lau, Kaka, ba komi." Ya ɗauko abin wuyan zai mayar, na ce ya miƙo mini shi.

Inna ta ce in bar fatar nan a ruwa, kuma na bar ta fiye da shekara hamsin. Amma akwai yara uku a gidan nan da ke kwana suna tashi da kare, babbar cikinsu ta fara kai munzalin da ake ɓoye abu don gudun faɗa. Na ce ya kira ta, ya kira uwarta, su zauna. Na faɗa musu tun daga kitson. Ba wanda ya yi dariya. Da na kai wurin ƙulli biyun nan, na ga jikana ya sunkuyar da kai yana juya hannunsa na dama, inda ƙarfen mota ya yanke shi a gindin yatsa, ciwon ko rufewa bai yi ba.